JAMI'AR AHMADU BELLO: GADON DA MUKE DA RABO A CIKINSA

A wannan karon ba zancen kishiya ko na uwar miji na zo muku da shi ba. Tarihi na ɗauko mana, tarihin wata makaranta da take nan kusa da mu, amma da yawanmu in an ambaci sunanta sai mu ji kamar ana ba mu labarin birnin Sin. Ina nufin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda 'yan boko suke kira ABU. Mu mutanen Karaye da Rogo ai maƙwabtanta ne, domin ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihar Kaduna, wanda ya yi sammako ya sami mota, kafin azahar yana cikin Samaru har ya huta. To amma ki zauna ki ƙirga a unguwarku ko ƙauyenku, 'ya'ya mata nawa ne suka taɓa shiga ƙofarta da sunan karatu?

In kika tambayi dalili sai a ce miki ai wannan wuri na 'ya'yan manya ne, ina talaka ina jami'a, balle kuma 'yar talaka. Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin duk wadda ta san yadda aka kafa makarantar nan, da kuɗin da aka gina ta da su, ba za ta yarda a ce mata ba ta da rabo a cikinta ba. Gado ne aka bar mana, kuma an san wanda bai san dukiyar da ubansa ya bari ba, yana zaune za a raba a hana shi.

Bari mu faro daga tushe. Lokacin da Turawa suke mulkin ƙasar nan, ilimin boko bai yaɗu a Arewa kamar yadda ya yaɗu a Kudu ba. Babbar makarantar da muke taƙama da ita a wancan zamani ita ce Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya ta zama Kwalejin Barewa. A nan su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma 'yan tsiraru ake ɗauka, dukkansu maza. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan, ita kaɗai ce a duk faɗin Nijeriya, 'yan Arewan da suka sami shiga cikinta kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sai ga shi Arewa ta sami mulkin kanta a 1959, ƙasa baki ɗaya ta sami 'yanci a 1960, Turawa suna ta ɗaure kayansu, alhali ba mu da isassun likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malaman sakandare da za su maye gurbinsu. Wannan shi ne abin da ya hana Sardauna barci, don ya san mulkin da babu masu ilimin riƙe shi, sunansa kawai mulki.

A 1959 gwamnatin tarayya ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila mai suna Eric Ashby, don ya duba irin manyan makarantun da ƙasa take buƙata. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1960, a cikin shawarwarinsa kuwa har da kafa jami'a a Arewa. Gwamnatin Jihar Arewa ba ta yi sanya ba, aka yi doka, aka shirya komai, ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'ar, aka sa mata sunan Firimiya, shi ne kuma ya zama ubanta na farko. Shugaban da ya fara riƙe ta Bature ne, Norman Alexander, mutumin ƙasar Niyu Zilan. Ta fara da tsangayoyi 4 da sassa 15 da ɗalibai 426. Ki ji abin tausayi 'yar'uwa, a cikin ɗaliban nan 147 ne kawai 'yan Arewa, a jami'ar da aka gina musamman don Arewa. Malamai kuwa kusan duk baƙi ne, a cikin 'yan ƙasa na farko da aka ɗauka akwai Iya Abubakar masanin lissafi da Adamu Baikie masanin harkar koyarwa.

Ba a fili fetal aka dasa ta ba, wasu tsofaffin makarantu ne aka haɗa wuri ɗaya aka ɗinke. Akwai kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, inda babbar harabar take har yau. Akwai makarantar Kongo a cikin Zariya, inda ake horar da akawuna da ma'aikatan En'e da alƙalai, wato irin malaman da suke riƙe da littattafan haraji a ofisoshin hakimai da masu zaman shari'a a kotuna. Akwai tashar binciken aikin gona ta Samaru da take aiki tun 1922, da gonar dabbobi ta Shika da aka kafa a 1928. Sannan akwai kwalejin Kano mai koyar da Larabci da addinin Musulunci da tarihi, wadda aka sa wa sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Kin ga ke nan tun ranar farko akwai hannun Kano a cikin tukunyar.

To yanzu mu zo kan maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar zancena. A shekarun nan babu kuɗin man fetur irin na yau. Baitulmalin Jihar Arewa da me yake cika? Da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da kuza, da harajin da ake karɓa a hannun kowane magidanci, da jangalin da Fulani suke biya a kan shanunsu. Hukumar ciniki ta gwamnati ita take yanka farashin gyaɗa da auduga, ta saya a hannun manomi ta hannun dillalanta, ta sayar a ƙasashen waje da riba, rarar kuma a zuba ta a ayyukan raya ƙasa. An sami gudummawa daga Ingila da Amurka, wannan gaskiya ne, amma ƙashin bayan abin shi ne gumin manomi. Dalar gyaɗar nan ta Kano da muke gani a hoto, ba daga sama buhunan suka faɗo ba, daga gonakin ƙauyuka irin namu aka kwaso su a kan jakuna da raƙuma da manyan motoci.

Wa yake tsinke gyaɗar in an cire ta? Wa yake ɓare ta, ya sheƙe ta, ya tsince tsakuwa? Wa yake bin kunya-kunya yana cirar auduga rana tana dukansa, goyo a baya? Ai kakanninmu mata ne da iyayenmu, waɗanda ko baƙin boko ɗaya ba su sani ba. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin wani gini a Samaru ba, amma wallahi guminsu yana cikin simintin. Don haka in jikanyar mai ɓarar gyaɗa ta je neman gurbi a jami'ar nan, ba roƙo ta je yi ba, kayan kakarta ta je karɓa.

Sardauna bai daɗe yana kallon abin da ya shuka ba, domin ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna, jami'ar tana da shekara uku da 'yan watanni. A wannan shekarar ne ɗan ƙasa na farko ya karɓi shugabancinta, wato Dokta Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista haifaffen Anchau. Ya riƙe ta har 1975, ya ratsa da ita cikin yaƙin basasa, kuma a zamaninsa ne ta yi girman da ake ba da labari. An buɗe sashen koyon aikin likita a 1967. An kuma lura cewa yaran Arewa da yawa suna da ƙwaƙwalwa amma makarantun da suka fito ba su shirya su sosai ba, sai aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, yaro ya zauna a gyara masa karatunsa kafin ya shiga aji. Ta wannan ƙofa 'ya'yan talakawa masu yawan gaske suka shiga suka zama mutane. Wani abin da aka san ta da shi tun a lokacin shi ne ba ta ƙyamar baƙo, Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare duk ɗaki ɗaya ake haɗa su, har da 'yan wasu ƙasashen Afirka.

A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar daga hannun jihohin Arewa. Daga nan kuma ta fara aurar da 'ya'yanta. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta tsaya da ƙafafunta, a 1977 ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero, Dokta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ita ma ta zauna a ƙarƙashin Zariya daga 1984 zuwa 1988 kafin ta koma cin gashin kanta. Sauran jami'o'in Arewa kuwa, da wuya ki sami wadda a cikin malamanta na farko babu waɗanda aka yaye a Samaru. Saboda haka in 'yarki tana Jami'ar Bayero a yau, ki sani a ɗakin 'yar ABU take zaune.

Akwai wani abu da yawancinmu ba mu fahimta ba game da jami'a. Mun ɗauka makaranta ce kawai babba, a koya maka, ka ci jarrabawa, a ba ka takarda. A'a, rabin aikinta bincike ne, wato gano abin da ba a sani ba don a amfani jama'a. A nan ne kuma makarantar nan ta shigo har cikin madafinmu ba mu sani ba. Ki duba takardar da take jikin ledar irin da maigida yake sayowa in damina ta kusa. In kin ga sunan ya fara da SAM, to Samaru ake nufi. SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMCOT kuwa auduga. Masana ne suke shafe shekara da shekaru suna auratayya tsakanin iri da iri, suna shukawa suna zaɓe, har su fitar da wanda yake nuna da wuri, ko mai jure ƙarancin ruwa, ko wanda wuta-wuta ba ta cin ƙarfinsa. Tsofaffinmu ba su manta da 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a ƙasar Hausa har mutane da yawa suka haƙura da nomanta. Samaru tana cikin waɗanda suka duƙufa sai da aka sami irin da yake jure wannan cuta. A 2019 kuma aka fitar da waken nan SAMPEA 20-T wanda tsutsar da take huda kwanson wake ba ta iya masa, ko da yake har yanzu ana muhawara a kansa saboda an taɓa ƙwayar halittarsa. Ita ma muhawarar ai sai da ilimi ake shiga cikinta.

Ke mai kiwon kaji a bayan ɗaki, kin taɓa jin kaza mai suna Shika Brown? A cibiyar binciken dabbobi ta Shika aka samar da ita, kaza ce mai yawan ƙwai da aka shirya ta don ta jure yanayin ƙasarmu. Likitocin dabbobi da malaman gona da suke zagaya ƙauyuka, da yawansu can aka koyar da su, ko kuma malamansu can suka yi karatu. Babban asibitin koyarwa na jami'ar, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, nan ne ake tura masu manyan cututtuka irin su daji daga jihohi da dama. Har wata ƙaramar na'urar binciken nukiliya gare su, wadda ta fara aiki a 2004, ita ce ta farko a Nijeriya, da ita suke gane sinadaran da suke cikin ƙasa da duwatsu da abinci.

Ba a ciki da aljihu kaɗai ta tsaya ba, ta taɓa mana har mutunci. Da can Turawa ne suke rubuta tarihinmu yadda suka ga dama, kamar ba mu da komai sai da suka zo. A sashen tarihi na jami'ar nan aka yi wani Bature da ya musulunta, Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya sa ɗalibansa suka bazama gidajen malamai da fadojin sarakuna suna tattara tsofaffin littattafan Larabci da na ajami, suna ɗaukar labari daga bakin tsofaffi. Shi ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna, inda ake ajiye takardun tarihin Arewa. A cikin ɗalibansa akwai Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin ƙasar Katsina, ya kuma shafe rayuwarsa yana gaya wa masu mulki gaskiya komai ɗacinta har ya rasu a 2005.

To ina mata a cikin wannan labari? Da farko ƙalilan ne ƙwarai, domin yarinyar da ba a bari ta gama firamare ba ina za ta ga jami'a? Amma waɗanda iyayensu suka daure suka bar su, ba su ba da kunya ba. Babban ɗakin kwanan ɗalibai mata sunan Sarauniya Amina ta Zazzau aka sa masa. A 1982 a cikin jami'ar nan aka yi taron da ya haifi ƙungiyar matan Nijeriya da ake kira WIN, mai fafutukar haƙƙin mata. Hajiya Bilkisu Yusuf a can ta karanta kimiyyar siyasa, ta zama editar jaridar Sunday Triumph ta Kano, ta riƙe New Nigerian ta Kaduna, tana kuma cikin matan da suka raini ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, har Allah Ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina a aikin Hajjin 2015. Mai shari'a Zainab Adamu Bulkachuwa a can ta karanta shari'a, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 2014 zuwa 2020. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed a can ta karanta aikin akanta, ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023. Duk 'yan Arewa ne, duk Musulmi ne, ba daga wata duniya aka sauko da su ba.

Kada ki ɗauka tarihin duk zaƙi ne, akwai ranakun kuka. A 1978 gwamnatin soja ta ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci da na ɗaki, ɗalibai a duk ƙasa suka tashi suna neman a cire kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, aka turo sojoji Samaru, aka rasa rayuka. Bayan shekara takwas, a 1986, ɗalibai suka yi jerin gwano don tunawa da waɗancan mamata, suka ratsa ta ɗakin kwanan mata wanda aka hana maza shiga. Hukumar makaranta a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai, rigima ta tashi, ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka shigo suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka, a cikin mamatan kuwa har da ɗaliba mace. Ki tuna da uwar da ta tura 'yarta karatu aka dawo mata da gawa. Allah Ya jiƙansu.

A wannan shekara ta 1986 ne kuma gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, albashin farfesa ya koma ba ya kai shi ƙarshen wata. Malamai baƙi suka koma ƙasashensu, namu na gida masu yawa suka bi su, wasu Ingila da Amurka, wasu Saudiyya. Littattafai suka tsufa a laburare, kayan gwaji suka lalace babu na canji, ɗakin da aka gina don mutum biyu ya koma na mutum shida ko fiye. Rikicin cikin gida ya yi tsanani har gwamnatin Janar Abacha ta naɗa soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar daga 1995 zuwa 1998. Yajin aikin malamai kuwa ya zama kamar zazzaɓin damina. A 2020 an yi kusan wata tara jami'o'in gwamnati suna rufe, a 2022 aka sake yin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kowa ya sha wuya, amma 'ya mace ta fi kowa, domin namiji in ya zauna a gida sai a ce yana jira, ita kuwa sai a fara cewa ta girma, ga manema, me ake jira? Yarinya nawa ce aka ɗaura wa aure a cikin yajin aiki, karatun ya tafi ke nan har abada?

Duk da haka, ko giwa ta rame ta fi kwando goma. Har gobe ita ce uwar jami'o'in Arewa, kuma tana cikin mafiya girma a Nijeriya, ga faɗin ƙasa ga yawan ɗalibai da fannoni. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 2007 zuwa 2010, ɗalibinta ne. Gwamnoni da ministoci da sarakuna da alƙalan da ta yaye kuwa ba su ƙirguwa. Amma ni a wurina darajarta ba a manyan nan take ba. Tana wurin malamin kimiyyar da yake koyarwa a sakandaren ƙauye, da likitan da yake kwana a asibitin karkara, da irin masarar da ya cika rumbun talaka. Abin da yake ba ni haushi shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka ci abincinta kusan kyauta a zamanin da take da ƙiba, su ne suka hau kujerun mulki suka bar ta tana ramewa, nasu 'ya'yan kuma suka tura su ƙasashen waje.

Na san abin da wata uwar take faɗa a ranta, wai jami'a tana lalata 'ya'ya mata. Ba zan ce miki babu ɓata-gari a can ba, akwai su, har a cikin malamai ana samun marasa tsoron Allah, kamar yadda ake samu a kowane taron jama'a. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yarinyar da muke ɗora wa farantin talla tun tana shekara takwas, tana yawo tasha-tasha da kasuwa-kasuwa har bayan magariba, wa yake tsaron ta? Wacce ta fi shiga haɗari, ita ko wadda take aji da littafi a hannu? Tarbiyya daga ɗakin uwa take farawa, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda aka gina da kyau a gida, ko ina ta je da mutuncinta za ta dawo. Kuma neman ilimin mace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi kansa Sardauna tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, Bello kuwa ɗan'uwan Nana Asma'u ne, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure a cikin gidajensu.

Mu ne muke kuka in naƙuda ta yi tsanani aka kai mu asibiti muka tarar da likita namiji. Mu ne wasunmu suke ɓoye ciwon mama har ya ci jiki saboda kunyar buɗe ƙirji a gaban namiji. Mazanmu ma su ne kan gaba wajen cewa ba su yarda namiji ya duba musu iyali ba. To likita macen daga ina za ta fito in kowa ya hana tasa 'yar? Haka malamar da za ta koya wa 'yammatanmu lissafi da kimiyya, haka lauyar da za ta tsaya wa marainiya in 'yan'uwan uba sun danne mata gonar gado. Ba a girbin abin da ba a shuka ba.

Hanyar Samaru kuwa ba daga tashar mota take farawa ba, daga aji ɗaya na firamare take farawa. Ki tabbata yarinya ta tafi makaranta a kan lokaci, tallan ya jira a taso, in ma ba za a iya barin sa gaba ɗaya ba. Ki riƙa karɓar littafinta kina dubawa ko da ba ki iya karatun ba, ganin idonki kaɗai yana sa ta mai da hankali. In ta kai ƙarshen sakandare, abin da ake nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan jarrabawar JAMB. Wadda sakamakonta bai cika ba kada a ce shi ke nan, jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa, nan kusa da mu. Yadda muke zuba adashi shekara da shekaru don gado da katifa da kwanukan jere, mu ware wani zubi daban don kuɗin jarrabawa da na rajista. Kwano yana fashewa, katifa tana lotsawa, amma abin da yake cikin kai ko saki ko mutuwar miji ba sa raba mace da shi. Tun 2024 ma gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta bashin karatu marar ruwa ta hannun asusun NELFUND, sai a bincika a nema.

Ku kuma 'yammata, in manemi ya fito kuma an yaba da halinsa, ba na ce ku ƙi aure ba. Amma a yi maganar karatu tun kafin a shafa fatiha, a gaban waliyyai da shaidu, kada a bar ta a zancen zaure inda kowane saurayi yake cewa to. Ke uwargida da kike ganin lokaci ya wuce miki, ki sani akwai matan aure da suke shiga aji da goyo a bayansu, kuma jami'ar tana da sashen karatu daga nesa, inda ake bin darasi ta waya ko kwamfuta daga gida, sai lokacin jarrabawa a je cibiya. Wadda kuma Allah bai nufe ta da yi ba, to ta tsaya tsayin daka 'yarta ta yi. Ki lallashi maigida da hikima da ladabi, ki zaɓi lokacin da ransa yake fari, ki tuna masa cewa irin da yake shukawa ma daga can ya fito.

Allah Ya jiƙan Sardauna da duk waɗanda suka kafa wannan makaranta da waɗanda suka raine ta. Allah Ya jiƙan kakanninmu mata da suka ɓare gyaɗar da aka gina ta da ita. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyara ta, Ya shirya mana zuriya, Ya ba 'ya'yanmu mata da maza ilimi mai amfani duniya da lahira, amin summa amin.